Babi na Shida: Launin Dutse, Shaidar Ruwa

A shekarar da kawuna ya sauke farali, bayan da masu zuwa barka da dawowa suka tsagaita, dabino da zamzam na tsaraba kuma suka ƙare, sai ya bayyana wa iyalinsa wani buri da ya ƙulla tun yana ƙasa mai tsarki, watau ya gina wa gidansa na Dinawa wurin ruwa mai kyan gani a tsakar gida, inda zai riƙa tara butarsa ya yi alwala ba tare da ƙafafunsa sun koma cikin taɓo ba, inda tantabarunsa za su sauka su sha, inda kuma tsofaffin gidan za su sami ɗan sanyi a watannin bazara, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato yake haura digiri 40, inuwa ta zama abin nema. Aka kira magini, ya gina komi na siminti a jikin katanga, daura da wata tsohuwar bagaruwa da ke waje rassanta suna leƙowa, tsawonsa kamu shida, zurfinsa bai kai gwiwa ba. Aka jawo masa bututu daga rijiyar burtsatse ta unguwa, aka jera duwatsu iri uku yadda ruwa zai gangaro ta kansu: farare tas da aka sayo daga wajen Sakkwato, da tsakuwar gulbi sumul-sumul, da gutsattsarin marmara da yara suka ɗebo daga tudu. Ranar da aka buɗe famfo maƙwabta suka shigo suna sa albarka, ina cikinsu, kuma har yau ban manta da yadda fararen duwatsun nan suke ƙyalli a ƙarƙashin ruwa ba.

Ba a cika wata uku ba abin ya sake kama. Inda ruwan yake zubowa ya yi ja kamar wurin da masu cin goro suka saba tofi, bangon komi ya yi farin zobe mai kaushi daidai iyakar ruwa, ƙasansa ya yi kore mai santsi, duwatsun da ke kusurwar bagaruwa kuwa suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kawuna mutum ne mai son tsabta ƙwarai, wanda ba ya iya ganin ɗigon miya a rigarsa ya ci gaba da zama, saboda haka ya ɗauki abin ƙazanta da kunya a wurin da ya keɓe domin ibada, ya sa yaran gida su riƙa kankare duwatsun kowace safiyar Juma'a da burushin waya da garin sabulu. Suna kankarewa launin yana dawowa, jan ma har ƙaruwa yake yi. Ana nan sai wani mai ba da shawara, wanda na tabbata alheri ya nufa, ya ce a zuba ruwan batir, shi ne ba ya barin kome. Aka zuba. Fararen duwatsun suka hau kumfa kamar ana dafa su, kafin a ankara sun yi ramuka-ramuka irin na fuskar mai zanzana, simintin komi ya yi laushi ya fara yoyo, wani yaro kuma ya yi kwanaki yana jinyar yatsunsa.

Cikin wannan hali ne Allah ya kawo wani tsohon mahaƙin rijiya, wanda aka kira domin ya yashe tsohuwar rijiyar gidan. Ya tsaya bakin komi ya daɗe yana dubawa, ya shafa jan ya shinshina, ya kankari farin da farce, sa'an nan ya ce a ba shi farin kwano, ya tara ruwan famfo a ciki, ya ajiye shi a buɗe a kan dakali.

"Alhaji, ranka shi daɗe," in ji shi, "ka bar wahal da yaran ga. Wanga ja da kaka gani ba dauɗa ta ba. Ruwan da kainai shi ka aje shi, in an kankare yau, gobe shi aje wani. Ruwa ba ya tsami banza."

Kawuna ya ce, "To Baba, ruwan da ka hitowa garai-garai, ina ja cikinai?"

Tsoho ya ce a bar kwanon sai la'asar. Da aka idar da salla muka leƙa, sai ga ruwan da ya fito garau da hantsi ya koma ruwan ɗorawa, wani jan gari mai laushi kuma ya fara kwanciya a gindin kwanon.

Tsohon nan bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ya yi shekaru masu yawa yana sauka cikin ƙasa da igiya a ƙugunsa, ya san inda yashi yake ƙarewa yumɓu ya fara, ya san baƙar laka mai warin farar wuta, ya san farin dutsen da yake sa sabulu ya ƙi kumfa, kuma abin da ya sani da hannu da hanci shi ne abin da masana ilmin ƙasa suka rubuta a littattafansu da wasu sunaye. Abin sha'awa ma, sunayen namu ne. Ƙasar da muke takawa hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka shimfiɗa ɗaya bisa ɗaya, kuma masanan sun raɗa wa kowane hawa sunan garin da aka fi ganinsa a fili: akwai hawan Taloka, wanda ya ci sunan Taloka ta ƙasar Goronyo, bisansa hawan Dukamaje, bisansa hawan Wurno, su ukun nan ana haɗa su a kira su da sunan Rima, sama da su akwai hawan Dange da na Kalambaina, can sama kuma na Gwandu. Sun ƙiyasta cewa kimanin shekaru miliyan 70 da suka shuɗe teku ne ya malale wannan yanki, ya janye, ya sake dawowa, yana barin yashi da laka da ɓawon halittun ruwa, kuma hujjarsu a kan haka tana da ƙarfi, gama a cikin hawan Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai siffar kada, wadda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972 domin tunawa da Goronyo. Duk ruwan da muke ja da guga ko muke turowa da inji ya daɗe yana ratsa waɗannan shimfiɗu, yana narkar da kaɗan daga abin da ya tarar, kuma idan ya iso tsakar gida ya sami dutsen da zai zauna a kai, sai ya sauke kayansa a nan.

Jan da ya fi damun kawuna ƙarfe ne, shi ne dai wanda yake cikin tamar da maƙeran dā suke narkarwa, shi ne kuma ya ba marmara da jar ƙasa launinsu. A can ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kai, ƙarfen yana narke a cikin ruwa ba ya da launi, don haka ruwan burtsatse yake fitowa garau. Da zarar ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa, kamar yadda fartanya take yi idan ta kwana a raɓa, tsatsar ta zama gari ta liƙe a jikin abin da ta samu. Ruwan da yake gangarowa ta kan duwatsu yana fantsama kuwa ya fi kowane ruwa shan iska, saboda haka ƙawar da aka yi wa komin ita ce ta gaggauta jansa. Rijiyoyin burtsatse da yawa a ƙasar Sakkwato suna da wannan ɗabi'a, kuma matan gida sun riga maza saninta, domin su ne suke ganin farar riga tana komawa ruwan goro bayan wanki, su ne suke ganin shayi yana yin baƙi a tukunya. Ƙarfen kuwa ba ya bukatar yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata cewa idan ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a cikin lita ɗaya yakan fara ɓata tufafi da wuraren wanka, kuma wannan, idan aka auna shi a duro mai cin lita 200, bai wuce nauyin ƙwayar dawa biyu ko uku ba.

Maganin jan yana ga ruwan tun kafin ya iso dutsen, kuma kwanon tsohon nan ya riga ya nuna hanyar. A sa ruwan ya sha iska a wani wuri dabam, ya zubo daga sama ta cikin gwangwani ko ƙwarya mai huji-huji zuwa cikin duro, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu har tsatsarsa ta kwanta, a ɗebi na sama ta famfon da aka ɗaga kaɗan daga gindin duron, in da hali a bi da shi ta wata randa da aka cika da tsakuwa da gawayi da yashi mai tsabta. Ruwan da ya bi wannan hanya ba shi da sauran abin da zai rina dutse da shi sai ɗan kaɗan. Amma jan da ya riga ya kama, a fitar da duwatsun daga komi, a jiƙa masu tauri daga cikinsu, irin tsakuwar gulbi, a ruwan tsamiya mai kauri ko na lemon tsami kwana ɗaya, a goge da soso ko burushin roba, a ɗauraye sosai. Burushin waya shi ne ya ci amanar yaran gidan kawuna, domin yana barin ƙananan gutsattsarin ƙarfe a cikin kofofin dutse, su kuma su yi tsatsa su ƙara ja a kan ja. Ruwan bilic da ake wanke fararen kaya da shi ma ba ya cire tsatsa, ƙara kafa ta yake yi. Ina kuma roƙon mai karatu, don Allah, kada ya taɓa haɗa bilic da ruwan batir ko da wani abu mai tsami, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba wadda take ƙona ido da huhu, a lungun da iska ba ta ratsawa kuma tana iya kisa. Wani lokaci akan ga wani abu mai ƙyalli kamar mai yana yawo a kan irin wannan ruwa, mutane su tsorata su ce man inji ne ya zuba a rijiya. A taɓa shi da tsinke: idan ya tsattsage kamar fasasshen madubi bai sake haɗewa ba, na ƙarfe ne da ƙananan halittun da suke rayuwa a kansa, idan kuwa ya murɗa ya koma ya haɗe, to mai ne na gaske, a bincika inji.

Baƙin kusurwar bagaruwa shi ne ya fi ba ni mamaki da na gane sababinsa, domin sana'ar ƙasarmu ce take aukuwa a cikin komi ba tare da hannun kowa ba. Majeman Sakkwato da 'ya'yan bagaruwa suke jeme fatar jar akuya, dukawa kuma idan suna son zana baƙi a kan fatar da aka jeme sai su shafa ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, nan take wurin ya yi baƙi, saboda ɗacin bagaruwa da ƙarfe ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Da irin wannan haɗi aka yi tawadar da aka rubuta littattafai masu yawa na dā, a ƙasashen Musulmi da na Turai. To 'ya'yan bagaruwa suna faɗowa cikin ruwa mai ƙarfe, ashe tawada ake dafa wa duwatsun dare da rana. Aka sare reshe ɗaya, aka sa yaro ya riƙa tsame abin da ya faɗo kowace safiya, baƙin ya daina ƙaruwa. Inda babu itace kusa amma duk da haka dutse yana yin baƙi, galibi wani ma'adini ne ɗan'uwan ƙarfe da ake kira manganis, wanda miligiram 0.1 a lita ya isa ya sa shi ɓata kaya, hanyar maganinsa kuma kusan ɗaya ce da ta ƙarfe, sai dai ya fi jinkirin kwanciya.

Farin zoben kuwa aikin rana ne. Wanda ya san yadda mutanen Bilma a ƙasar Nijar suke tara ruwa a ramuka su bar rana ta shanye shi, har gishiri ya fito a yi kantu a ɗora wa raƙuma, ya riga ya san abin da yake faruwa a bakin komi: rana da iskar hunturu suna ɗauke ruwan zalla su bar abin da ya narke a cikinsa, kuma duk sa'ad da aka ga ruwan ya ragu aka ƙara wani a kai, an ƙara gishiri ne a kan gishiri, har ruwan ya kasa riƙe shi ya jibge shi a bango. Don haka ƙari ba ya wadatarwa, sai an zubar da tsohon ruwan duka an sa sabo, a kuma juya wanda aka zubar zuwa gindin zogale ko lemo matuƙar ba a sa masa magani ba, gama almubazzaranci da ruwa a ƙasar da mata suke bin layi da jarkoki abu ne da shari'a da hankali duka suka ƙi. Ana gane irin farin da ɗigon lemon tsami. Idan ya yi kumfa, dangin farar ƙasa ne, tsami kaɗan zai narkar da shi. Idan bai yi ba, mai yiwuwa jifsam ne, farin ma'adinin nan mai ƙyalli da ake samu a hawan Dukamaje da na Dange, shi kuwa sai jiƙo da kankara da katako. Sabon siminti ma yakan yi ta fitar da irin wannan fari na wani lokaci, shi ya sa ake cika sabon komi a zubar sau da yawa kafin a saki kifi a ciki.

Wannan gwaji na lemon tsami, da an yi shi a kan fararen duwatsun tun ranar da aka sayo su, da ba a yi asara ba. Irin dutsen Kalambaina ne, wanda ake ƙonawa ana yin siminti da shi a Sakkwato tun 1967, asalinsa ɓawon halittun tsohon tekun nan ne da suka taru suka daskare, don haka yana da laushi, yana da kofofi, yana shan launi kamar yadda farin ƙyalle yake sha a marina, kuma duk abin da yake da tsamin da zai cire masa launin, yana da tsamin da zai cinye shi. A ganina irin wannan dutse ba na cikin ruwa ba ne sam, wurinsa gefen hanya ko gindin fure. Masu yi wa dutse fenti domin su rufe aibinsa kuwa sun fi kowa kuskure, domin fentin yana ɓarewa cikin ruwan da tsuntsaye da yara suke taɓawa, wasu fentin kuma akwai dalma a cikinsu.

Kada mai ɗan komi a ƙauye ya zaci talauci ne ya jawo masa wannan, gama sarakuna ma ba su tsira ba. A fadar Alhamra da ke Garnaɗa ta ƙasar Andalus akwai maɓulɓular ruwa wadda zakoki 12 na marmar suke ɗauke da ita, tun zamanin Sarki Muhammadu na Biyar a ƙarni na 14, kuma ruwan da ya ƙawata ta shi ne ya lulluɓe zakokin da ɓawo har zanen jikinsu ya ɓace. A 2007 aka kwashe su zuwa ɗakin gyara, ba a sake buɗe farfajiyar maɓulɓular da su a mazauninsu ba sai 2012, bayan ƙwararru sun yi shekaru suna ɓamɓare ɓawon kaɗan-kaɗan. A Indiya kuma, idan farin marmar na Taj Mahal ya fara komawa rawaya, wani irin yumɓu ake shafa masa a bar shi ya bushe, ya tsotso dattin, a wanke da ruwa mai tsabta. Dabarar yumɓun nan tana aiki a gidajenmu ma, ga dutsen da ba ya jure tsami, sai dai tana son maimaitawa, kuma mai haƙuri shi yakan dafa dutse.

Saura kore, watau gansakuka, kuma ita ce ta kai kawuna wurin limamin unguwa da tambayar da ta fi kome muhimmanci a gare shi: ko alwala tana inganta da ruwan da ya yi ja ko ya yi kore? Amsar tana cikin littattafan da kowane ɗalibin zaure yake farawa da su, Ishmawi da Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, har zuwa Muhtasar na Shaihu Halilu. Malaman Malikiyya suna duban sifofi uku na ruwa, launi da ɗanɗano da wari. Idan najasa ce ta sauya ɗaya daga cikinsu, ruwan bai dace da ibada ba, bai kuma dace da al'ada ba, kamar sha da girki. Idan abu mai tsarki ne wanda galibi yake rabe da ruwa, kamar nono ko sabulu, ya halatta a al'ada amma ba a ɗauke hadasi da shi. Idan kuwa mazaunin ruwan ne ya sauya shi, kamar ƙasa mai gishiri ko baƙar laka ko ma'adinin da yake bi ta kansa, ko abin da ya tsiro daga cikinsa kamar gansakuka, to yana nan a kan asalinsa, mai tsarki mai tsarkakewa. Da liman ya gama bayani kawuna ya yi shiru, domin ya fahimci cewa jan da koren da yake yaƙa ba su taɓa ɓata masa alwala ba, alhali kuwa garin sabulun da ake barin ragowarsa a komi kowace Juma'a, har ruwan ya yi ƙamshinsa, shi ne abin tsoro. Haka ruwan tsamiya da na bilic suke idan ba a ɗauraye su ba. Game da ganyayen itace da suke faɗawa cikin ruwa malamai sun yi tafsili, haka nan kashin tsuntsaye, wanda hukuncinsa yake bin abin da tsuntsun yake ci, sai a koma gare su.

Ba wai ina cewa a bar gansakuka ta yi yadda ta so ba. Santsinta ya karya ƙugun tsofaffi da dama a bakin rijiya, ruwan da ya tsaya har ta yi kauri kuma ya isa ya ƙyanƙyashe sauro, wanda a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 suke isarsa ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Rana take so da abinci, abincinta kuwa kashin tantabara ne, da ragowar sabulu, da takin zamani, da ƙurar hunturu wadda iska take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A yi wa komi rumfa, a sake ruwansa kowane mako, a fitar da duwatsun a shanya su a rana kwana biyu su bushe ƙayau, a goge da toka da soso, ya wadatar. Sai dai idan aka ga kore mai kama da fenti yana yawo a saman ruwa, a hana dabbobi sha, domin wannan iri yakan yi dafi.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya lura da wata fa'ida. Mai Ishmawi, cikin misalan ruwan da mazauninsa ya sauya shi amma alwala take inganta da shi, ya ambaci mai gudana a kan ma'adinin zarnihi, zarnihi kuwa guba ne sananne tun zamanin dā. Wannan yana nuna mana cewa hukuncin tsarki an gina shi ne domin sauƙaƙa wa bayi ibada, bai zama fatawar likita a kan abin da za a zuba a ciki ba, kuma kiyaye rai wajibi ne mai zaman kansa wanda shari'a ta ɗora mana. A Bangaladash miliyoyin mutane sun sha ruwan burtsatse mai zarnihi shekara da shekaru, ruwa garau marar wari, har sai da aka bi rijiyoyin ana gwadawa ana shafa wa masu guba jan fenti. Kusa da mu kuma, a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gidaje ana niƙawa. Duk wanda ya tuna da wannan musiba ba zai yarda a kawo masa dutse daga ramin haƙar ma'adinai ya sa a ruwan tsakar gidansa ba, kome kyan ƙyallinsa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, Sakkwato tana cikin jihohin da ta taɓa, kuma ƙwayar wannan cuta ba ta barin ja ko fari a jikin dutse. Shaidar dutse gaskiya ce a kan abin da ya gani, amma akwai abin da ba ya gani.

Duk da haka ya taɓa yi wa gidan kawuna ishara a kan abin da ba ya gani. Wata shekara injin burtsatse ya lalace, aka yi makonni ana cika komi daga tsohuwar rijiyar gida. Jan ya tsaya cak, domin ruwan rijiya marar zurfi ya riga ya sha iska ya sauke ƙarfensa, amma sai gansakuka ta yi wani irin tashi, kwana uku bayan an wanke komi ya koma kore shar, ga rumfa, ga tantabaru an kange su. Aka sake kiran tsohon mahaƙin, ya duba, bai ce kome ba, ya tafi bakin rijiya ya fara taku yana ƙirgawa har ya isa bakin masai. Taku goma sha biyu ne.

"Alhaji," in ji shi, "abin da ka ciyar da koren ga, daga nan shi ka tahowa. Kuma shi yara ka sha."

Kafin damina ta faɗi kawuna ya sa an cike masan nan an haƙa wani a ƙarshen gida, gangare da rijiya, aka ɗaga bakin rijiyar aka yi mata murfi, aka koma tafasa ruwan sha. Fararen duwatsun da suka saura an jera su a bakin hanyar zaure, inda har yanzu suke da farinsu. Komin yana nan, cike da tsakuwar gulbi da marmara, kuma ɗan jan da yake fitowa a kan marmara ba wanda yake kankare shi, domin launinta ne na asali.

Masana harkar ruwa suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, watau kimanin taku arba'in na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare. Ya kai ɗan'uwa mai rijiya a gida, a Dinawa kake ko Achida ko Rabah ko Goronyo, ka fita yau ka ƙirga naka takun, idan bai kai ba ka riƙa tafasa ruwan da yaranka suke sha, ka kuma ɗebi kwalba ɗaya ka kai a gwada maka ita.